Babi na Biyar: Haƙoran Gaba na Mutum da na Dabba

Tun da mun ƙare bayani a kan harshe da leɓɓa a babin da ya gabata, ya kamata yanzu mu tsaya a kan haƙora takwas ɗin nan da ke ƙofar baki, huɗu a sama huɗu a ƙasa, waɗanda su ne farkon abin da ke tsirowa a bakin jariri, su ne farkon abin da ido ke sauka a kai idan mutum ya yi murmushi, kuma su ne, bisa ga shaidar likitoci, suka fi saurin karyewa idan tsautsayi ya auku. Na zaɓi in kafa misalan wannan babi a Gwange, unguwar nan ta Maiduguri da ke gefen kogin Ngadda, domin wuri ne da ya tara jama'a iri uku waɗanda kowannensu yana da nasa ilmin haƙori: masu kiwo da dillalan dabbobi, da malaman Alƙur'ani da na fiƙihu, da kuma iyaye mata masu raino. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, ilmin nan yana hannunmu tun kaka da kakanni, amma mun fi yin aiki da shi a bakin dabbar da za mu saya fiye da bakin yaron da Allah Ya ba mu amana.

Mu fara da halittar mutum. Haƙoran yarinta guda 20 ne, takwas daga cikinsu na gaba. Haƙoran girma kuwa 32 ne, su ma takwas na gaba, sa'an nan fiƙoƙi huɗu, sauran 20 ɗin kuma na tauna ne. Galibi biyun tsakiya na ƙasa ne ke fara ɓullowa, tsakanin wata 6 zuwa 10 da haihuwa, biyun tsakiya na sama su biyo baya tsakanin wata 8 zuwa 12, na gefensu kuma su cika kafin yaro ya yi wata 16 ko kusa da haka. Idan ya kai shekara 6 zuwa 8 sai famfara ta zo, bisa ga jerin da suka fito, na girma su maye gurbinsu. Daga nan kuwa babu sauran canji har ƙarshen rai. Kowane ɗayansu yana da saiwa guda da ta shige cikin ƙashin muƙamuƙi, da jijiya da hanyar jini a tsakiyarsa, da farin ɓawo a bayansa wanda ya fi kowane abu tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi bai kai shi ba. Sai dai ƙashi in ya karye yakan haɗe, fata in ta yanke takan warke, amma ɓawon haƙori, saboda babu rai a cikinsa, abin da ya ɓantare daga gare shi ya tafi ke nan.

Aikinsu na farko yanka ne da gatsa. Bakinsu sirara ne kuma a miƙe, na sama suna ɗan rufe na ƙasa idan an haɗe baki, saboda haka idan abinci ya shiga tsakaninsu sai su datse shi, harshe ya karɓa ya miƙa wa turame su niƙa. Wanda ya ga yaran Gwange suna gwigwiyar goruba, ko suna ɓare rake, ko suna yagar kilishi, ya ga wannan aiki a fili. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba, watau haƙoran nan na girma suna fara ginuwa a ɓoye cikin muƙamuƙi tun yaro yana da wata 3 ko 4, ba su gama yin ɓawo ba sai ya kai shekara 4 ko 5. Don haka idan ƙyanda mai tsanani ko tamowa ta same shi a wannan tsakani, ginin yakan tsaya ya bar zane ko rami a jikin haƙorin, wanda ba za a gani ba sai bayan famfara. Haka kuma kafson tetarasakilin, idan mai ciki ta sha ko aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yakan rina haƙorin tun daga ciki, rinin da asuwaki ba ya fitarwa. Ruwan da sinadarin fuloraid ya yi wa yawa shi ma yakan bar dabbare-dabbare, kamar yadda aka sani a ƙasar Langtang ta jihar Filato. A birni irin Maiduguri, wanda ya karɓi dubban iyalai da rikici ya raba da gonakinsu, bakin yaro ɗan shekara 8 yakan ba da labarin yunwa da cutar da ya sha yana goye, ko da shi bai tuna ba.

To, wannan sifa ta ba da shaida ita ce ma'abota dabbobi suka fi kowa sani. Duk wanda ya je Kasuwar Shanu ta Maiduguri a kwanakin da Babbar Salla ta gabato, lokacin da ragunan Balami da na Uda suka cika turaku, shanun Wadara na Larabawan Shuwa da na Kuri masu kumburarrun ƙahoni daga tafkin Chadi suna tsaye garke-garke, zai ga cewa mai saye na ƙwarai, bayan ya dubi tsayi ya taɓa gadon baya, ba ya buɗe bakinsa ya yi tayi sai ya buɗe bakin dabbar tukuna. Abin da zai gani a ciki abin mamaki ne ga wanda bai saba ba: saniya da tunkiya da akuya ba su da haƙoran gaba a sama ko guda, sai wani dasashi mai kauri da tauri, a ƙasa ne kaɗai suke da takwas, waɗanda masana halitta suka ce shida ne na gaba na asali, biyun gefe kuwa fiƙoƙi ne da suka ɗauki siffar 'yan'uwansu. Da wannan tsari dabbar ke danne ciyawa tsakanin haƙora da dasashi ta fizge, ta haɗiye, daga baya ta kwanta a inuwa ta yi tuƙa.

Lissafin da dillali ke yi kuwa ga shi. Ɗan rago yana da ƙananan haƙora takwas na yarinta. Idan ya kai shekara 1 zuwa 1 da rabi sai biyun tsakiya su zube, manya biyu masu faɗi su fito. Wajen shekara 2 su zama huɗu, wajen shekara 3 su zama shida, kafin ya cika 4 baki ya cika da takwas. Ga shanu abin yakan ɗan jinkirta: biyun farko wajen shekara 2 ko ɗan fiye, na biyu wajen 3, na uku tsakanin 3 da rabi zuwa 4, cikon kuma tsakanin 4 da 5. Bayan wannan sai a koma duban cinyewarsu, gama dabbar da ke kiwo a ƙasa mai rairayi, irin ta arewacin Borno, tana haɗa ciyawa da yashi, haƙoranta su gajarce, su rarrabu, daga bisani su fara zuba. Makiyayi kuwa ya san saniyar da bakinta ya zube ba za ta ƙetare rani da ƙiba ba, don haka yakan kai ta kasuwa tun da sauran nama a jikinta. Ana iya cika dabba da dusa da ruwa har cikinta ya tashi, ana iya wanke ta a gyara mata ƙaho, amma shekarunta suna nan a rubuce a inda hannun mai algus ba ya kaiwa.

Malaman fiƙihu ba su raina wannan ilmi ba, hasali ma a kansa suka gina hukunci. Dabbar da ta zubar da biyun tsakiya ta sake sababbi ita Larabawa ke kira saniyyi, kuma da wannan suna aka iyakance abin da ke isarwa a layya a awaki da shanu da raƙuma. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da ake karantawa a zaurukan Gwange kamar yadda ake karanta shi a Kano da Sakkwato, an bayyana cewa mafi ƙarancin abin da ke isarwa a tumaki shi ne wanda ya shekara, ko da yake an kawo ƙaulin wata 8 da na wata 10. A awaki wanda ya cika shekara ya shiga ta biyu. A shanu wanda ya shiga shekara ta huɗu. A raƙuma kuwa wanda ya kai ta shida. A babin zakka ma haka ne, gama mai shanu 30 ɗan maraƙi mai shekara 2 zai fitar, mai 40 kuwa sai saniyar da ta shiga ta huɗu. Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsa sun ƙara da cewa dabbar da haƙoranta suka karye, ba don famfara ba kuma ba don tsufa ba, ba ta isarwa a layya, sai dai idan guda ɗaya ne tak. Tun da yake makiyayi ba ya ajiye takardar haihuwar maraƙi, babu hanyar cika waɗannan hukunce-hukunce sai ta buɗe baki a ƙirga. Ashe ibadar magidanci a ranar Salla tana rataye da sanin da dillali ya gada daga ubansa.

Sauran dabbobi kuwa kowace an ba ta gwargwadon abincinta. Doki da jaki suna da 12, shida a sama shida a ƙasa, waɗanda ke haɗuwa su tsinke ciyawa har ƙasa, kuma barorin da ke kula da dawakin hawan Salla sun san cewa doki yana sake na tsakiya a shekara 2 da rabi, na biye a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Raƙumi yana da shida a ƙasa, a sama kuwa ɗaya kaɗai ya rage masa a kowane gefe, mai tsini, shi ya sa cizon amale yake da mugun rauni. Kare da kyanwa da kura da zaki su ma 12 gare su, amma ƙanana ne, ba su wuce na sakatar nama daga ƙashi da susar jiki ba, domin ƙarfin masu farauta yana ga fiƙa.

Akwai wata ƙabila ta dabbobi wadda dukan rayuwarta ta dogara ga haƙoran gaba, ita ce ta ɓera da gafiya da kurege da beguwa, wadda ta ƙunshi iri fiye da 2,000, watau kusan kashi 40 cikin 100 na dukan dabbobi masu shayarwa. Huɗu kaɗai gare su, biyu sama biyu ƙasa, ba su da fiƙa ko ɗaya, amma haƙoran nan ba su daina tsiro har mutuwa. Na ɓera sukan ƙaru da milimita 2 zuwa 3 a kowane mako, abin da ya haura santimita 10 a shekara. Hikimar da ke ciki ita ce, ɓawo mai tauri yana fuskar gaba ne kawai, bayan kuwa ya fi taushi, saboda haka duk lokacin da dabbar ta gwigwiyi wani abu, bayan yakan fi saurin cinyewa, bakin ya zauna da kaifi kullum, tamkar gizagon masassaƙi da ke wasa kansa yana cikin aiki. Wannan ne dalilin da ya sa ɓera ba ya barin buhun wake a rumfunan Monday Market da Gamboru, ba ya barin ƙyaure, ba ya barin wayar lantarki, ko yana jin yunwa ko ba ya ji. Ɓarnar kuwa ba ta tsaya ga dukiya ba, domin ta ramin da ya huda yake shiga ya bar fitsari da kashi a cikin abinci, kuma ta haka ne zazzaɓin nan ke kama mutane wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na kudancin Borno, har ya ɗauki sunan garin. Zomo, wanda mutane da yawa ke ɗauka ɗan wannan ƙabila ne, masana sun ware shi dabam, saboda yana da wasu ƙananan haƙora biyu a ɓoye bayan manyan na sama.

Mafi girman haƙorin gaba a doron ƙasa kuwa shi ne hauren giwa. Yaran da ake kaiwa gidan namun daji na Sanda Kyarimi ranar Salla sukan zaci ƙaho ne ko fiƙa, alhali kuwa haƙoran gaba ne na sama guda biyu, waɗanda ke tsiro muddin rai, wajen santimita 17 a shekara, kusan sulusinsu yana binne cikin ƙoƙon kai tare da jijiyarsa. Ga giwar Afirka kuma namiji da mace duka suna da shi. Da shi take tonon ruwa a busasshen rafi, da shi take ɓare bawon itace, da shi take kare ɗanta. An taɓa samun haure guda da ya haura kilo 100 a gindin dutsen Kilimanjaro, yana nan ajiye a gidan tarihi na birnin Landan. Ƙasar Borno ta san wannan haja tun da daɗewa: lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kukawa a 1851, zamanin Shehu Umar, haure da gashin jimina suna cikin kayan da ayari ke ɗauka ta Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus. Da yake ba a raba giwa da haurenta sai an raba ta da ranta, fataucin nan ya cinye garkuna masu yawa a Afirka, har ƙasashen duniya suka haramta cinikinsa tsakaninsu a 1989, kuma a Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta niƙe kimanin tan 2 da rabi na hauren da aka ƙwace, a Abuja. Halitta ce da abin da aka ba ta don ta rayu ya zama sanadin halakarta a hannun ɗan Adam, kuma wannan abin nadama ne ga duk wanda ya san cewa za a tambaye mu a kan dabbobi.

Mu komo ga mutum, wanda aka fifita shi da magana. Gwange unguwa ce ta tsangayu da zaurukan ilmi, a nan ne gidan Shaihu Sharif Ibrahim Saleh Alhusaini yake, kuma duk wanda ya zauna gaban gwani ya ji yadda ake gyara wa ɗalibi baƙi zai gane cewa tajwidi, a wani ɓangarensa, darasi ne a kan haƙoran gaba. Malaman wannan fanni, irin su Ibnul Jazari wanda ya rasu a shekara ta 833 bayan Hijira, sun tantance mafitar kowane harafi: ta'un da dalun da ɗa'un suna fita ne idan kan harshe ya taɓa tushen biyun tsakiya na sama, sa'un mai ɗigo uku da zalun da za'un mai hannu suna fita idan ya taɓa bakinsu, fa'un kuwa sai bakin haƙoran nan ya sauka a kan cikin leɓen ƙasa. Wannan na ƙarshe yana ba yaranmu wuya ƙwarai, domin a maganarmu ta gida da leɓɓa biyu muke furta shi, ba mu sa haƙori, sai alaramma ya yi ta nuna wa kolo inda zai ajiye haƙoransa kafin harafin ya zauna. Abin lura shi ne, shekarun da ake kai yaro makarantar allo su ne shekarun famfara, saboda haka malamin da ya san halitta ba ya tsananta wa mai giɓi a kan harafin da ba shi da abin furta shi, yakan yi haƙuri har sabon ya fito. Amma saurayin da ya rasa na girma, wannan giɓi zai bi shi cikin karatunsa da limancinsa, sai fa in ya sami na roba.

Tarihin Musulunci ma ya kiyaye labarin waɗannan haƙora. A yaƙin Uhudu, cikin Shawwal na shekara ta 3, an karya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, haƙorin da ke biye da na tsakiya, kuma zobba biyu na kwalkwalinsa suka nutse a kumatunsa mai albarka. Abu Ubaida ɗan Jarrahu, Allah Ya yarda da shi, ya cire su da haƙoransa don gudun kada ya ƙara masa zafi, biyun gabansa suka faɗi a wannan aiki, ya rayu da giɓin da Sahabbai ke ganin ado ne a gare shi. Buhari kuma ya ruwaito cewa Rubayyi'u 'yar Nadru ta karya wa wata yarinya haƙorin gaba, aka yanke hukuncin ƙisasi kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, sai dangin yarinyar suka yafe suka karɓi diyya. Diyyar haƙori guda raƙuma 5 ce, ko dinari 50, watau kashi ɗaya cikin 20 na diyyar rai. Kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Marwan ya aika a tambayi Ibn Abbas ko za a daidaita na gaba da turame, ya amsa cewa daidai suke, ya kafa hujja da yatsu. Malamanmu sun ƙara da mas'aloli biyu da suka dace da abin da likitoci ke faɗa a yau: idan aka bugi haƙori ya yi baƙi, diyyarsa ta cika ko bai faɗi ba, gama baƙin nan alamar mutuwar jijiyarsa ce, idan kuwa na yaro ne da bai yi famfara ba, sai a dakata a ga ko zai sake fitowa. Wanda ya san kuɗin raƙumi guda a kasuwa a yau, ya ninka shi sau biyar, ya ga matsayin da Shari'a ta ajiye abin da samarinmu ke buɗe kwalbar lemo da shi.

Ta fuskar ado kuwa, mutanenmu sun daɗe suna yaba wushirya, kuma a cikin Shama'il na Tirmizi an siffanta Annabi da 'yar tazara tsakanin biyun gabansa. Sai dai wadda Allah Ya halitta dabam, wadda aka ƙirƙira da zarto dabam. Hadisin Ibn Mas'ud da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yi hani mai tsanani ga masu goge haƙora don neman kyau, likitoci kuma sun ga sakamakon, domin idan aka kankare ɓawon, sanyi da zafi sukan kai ga jijiya, haƙorin ya yi ta zogi, wani lokaci ya mutu ya yi ƙurji. Matan Kanuri na dā, da na Hausa ma, sun kasance suna rina haƙora da furen taba, a Borno kuma akan haɗa da wani ɗan itace dangin gauta da ake kira gorongo, har su yi ja. Wannan al'ada ta ja baya, yanzu fari ake nema, har wasu na shafa abubuwa masu tsami da ke cinye ɓawon da suke son ya haskaka. Sai kuma haƙorin Makka, wanda ke da tsohon tarihi a garin da yake kan hanyar alhazai ta ƙasa, wadda ta bi ta Fort Lamy da Abeshe da Alfashir har bakin Bahar Maliya. Farin cikin sauke farali abu ne mai kyau, kuma zinariya halal ce ga mata, ga maza kuwa sai da larura. Abin da nake roƙo kawai shi ne, kada a kankare lafiyayyen haƙori don a sa masa riga, kuma wadda ta riga ta sa ta riƙa kai shi a duba, domin rigar da ba ta zauna daidai ba takan tara abinci a ƙarƙashinta, haƙorin ya ruɓe a ɓoye.

Inda sakacinmu ya fi tsada shi ne wajen jarirai. An saba, idan yaro ɗan wata 7 ya kama zawo da zazzaɓi, kaka ta taɓa dasashinsa ta ce haƙori ne, a rataya masa laya a jira. Gaskiyar al'amari ita ce fitowar haƙori ba ta wuce ƙaiƙayin dasashi da dalala da ɗan ƙyuya ba. Abin da ya sa cuta ke yawaita a wannan lokaci shi ne, kariyar da ya samo daga jinin uwarsa ta fara raguwa, ya fara rarrafe yana kai kome baki, an kuma fara ba shi kunu da ruwan da wataƙila ba a tafasa ba. Zawon da aka ce na haƙori ne yana kashewa kamar kowane zawo, maganinsa ruwan gishiri da sukari da gaggawar zuwa asibiti. Zazzaɓin kuma sau da yawa na cizon sauro ne, balle a unguwar da ke bakin kogi. Kada kuma mu manta da cewa tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan bayan an ba su wani maganin haƙori na ruwa da guba ta gurɓata, maganin da tun farko ba su buƙace shi ba. Haka nan yaron da ake kwantarwa da bulumboti cike da shayi mai sukari, na samansa huɗu ne ke fara ruɓewa, saboda harshe yana kare na ƙasa. Wanda ya ce ai za su zube, ya sani cewa ƙurjin da ke gindin na yarinta yana iya ɓata na girma da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. Asuwaki sunna ce da Annabi ya kwaɗaitar a kanta a kowace salla, itatuwan darbejiya kuma, waɗanda aka fara dasawa a lardin Borno tun 1928, suna nan a kowane layi na Maiduguri. Wanda ya haɗa asuwaki da buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, ya rage alawa da lemon kwalba tsakanin abinci, ya yi abin da ya fi yawa. Saura abu guda da nake so kowane uba da kowane malami ya haddace. Idan yaro ya faɗi wajen ƙwallo, ko Keke Napep ya yi hatsari, haƙorin girma ya fita ɗungum da saiwarsa, bai mutu ba tukuna. A ɗauke shi ta farin kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. In ya yi datti a ɗauraye shi kaɗan da madara ko ruwa mai tsabta, a mayar da shi raminsa, yaron ya ciji tsumma mai tsabta a kai. In hakan ya gagara, a tsoma shi cikin madara, kada a naɗe shi a takarda ya bushe, a garzaya wurin likitan haƙori kafin awa guda ta cika, gama bayan wannan fatan kamawarsa yana raguwa ƙwarai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da ke kan hanyar Bama, ba shi da nisa da Gwange. Na yarinta ne kaɗai ba a mayarwa, don kada a raunata na ƙarƙashinsa.

Saboda haka ina kira ga alarammomi da malaman firamare da na Islamiyya, waɗanda yara ke wuni a gabansu a daidai shekarun da wannan dukiya ke fitowa, da su sa duban baki cikin tarbiyyarsu kamar yadda suke duban farce da tsabtar tufa, su hana dukan fuska, wanda Shari'a ta riga ta hana, su kuma koya wa manyan ɗalibai abin da za a yi a awar farko. Iyaye kuma su ɗaga leɓen jariri sau ɗaya a wata su duba, in sun ga farin zane ko ɗigon baƙi a gindin haƙori su kai shi tun ciwon bai kai ga jijiya ba, domin cike ƙaramin rami ya fi cirewa sauƙi da araha. Allah Ya ba mu ikon kiyaye amanar jikinmu da ta waɗanda ke ƙarƙashinmu. A babi na gaba, in Allah Ya yarda, za mu shiga cikin baki mu dubi fiƙoƙi da turame.